Neman Kabarin Maigidana a Bayan Guri

Malam, ka rubuta yadda na faɗa, kada ka gyara mini. In na yi shiru ka jira, ba gamawa na yi ba. Idanuna sun daina gani amma ruwansu bai ƙare ba, shi ne ke tsayar da ni.

Maigidana bai mutu a ɗakinsa ba. Labarin ya iso mana Haɗeja a bakin wani mai sayar da banda, ana farkon kaka, ruwa ya cika fadama ya shafe hanyoyi. Mutumin ya tsaya a zaure ya ce shi ma ji ya yi a kasuwar Guri, wai falken nan mai jaki ɗaya ya kwanta ciwo can ƙasar Badawa, bai tashi ba. Bai san sunan garin ba, bai san wanda ya binne shi ba. Ina tankaɗe aka shigo aka faɗa mini. Na ji, na ci gaba da tankaɗena har na gama, na rufe ƙwarya.

Mata suka yi ta zuwa gaisuwa. Suna cewa Allah ya ji ƙansa, ina cewa amin. In sun koma gindin rumbu kuwa ina jin su ƙasa-ƙasa. Wannan ta ce, “Can fa yawancinsu ba sa salla.” Waccan ta ce, “To wa zai yi masa wanka? Wa ya san alƙibla a can?” Suna tsammanin ba na ji. Mutuwar ba ta ba ni mamaki ba, don mun tsufa ni da shi. Abu ɗaya ne ya zauna mini a ƙirji kamar dutsen niƙa: an yi masa sutura ko ba a yi ba. Mutumin da ko a cikin laka yake sai ya nemi busasshen wuri ya yi sallarsa, a ce an tura shi rami babu wanka babu salla.

Sai na faɗi irin tafiyarsa, in ba haka ba ba za a gane sauran ba. Yakan ɗauki baƙin zane daga marina, da allura, da barkono, da ɗan goro, ya nufi gabas, ya dawo da banda da kanwa. Hanyar da abokan fataucinsa ke zuwa su dawo kafin wata ya raba, shi sai wata ya mutu wani ya tsaya ba mu gan shi ba. Ba rago ba ne. Gari ne ba ya iya wucewa. Ko da hantsi ya iso ƙauye, rana na nan da yawa, sai ya sauke wa jaki kaya ya nemi inuwa ya zauna.

Nakan ce masa, “Malam, tsakaninka da hawainiya wa ya koya wa wani tafiya?”

Ya ce, “Ita ta zo koyo, na kore ta. Gaggawa ta yi mata yawa.”

Na ce, “Kifin nan da ka kawo ya girme ni.”

Ya ce, “To ki gaishe shi kafin ki sa a miya.”

In ya gama wasan sai ya ce garin da ba ka kwana ba, ba ka je ba, ka dai gan shi yadda shaho ke ganin gari. Ya san ƙauyen da ba a gaida mai jan taru sai ya fito da shi tudu. Ya san gidan da akwai kifin da ba sa ci tun kakanninsu, in ka kai musu shi kamar ka zage su ne. Ya san ba a tambayar mai shanu yawan shanunsa. Wannan kam ko ni na sani, don kakannina makiyaya ne kafin su zauna a Kafin Hausa. Ya ce irin waɗannan ba a koyonsu da tambaya. Zama ake yi har mutane su manta kai baƙo ne, su koma ga abin da suke yi. Ni dai ina saurara ne ina tsince ƙayar kifi. Ban taɓa tsammanin maganar za ta shafe ni ba.

Ɗanmu na fari, wanda ba na kama sunansa, shi ya fara zuwa nema. Da hanya ta ɗan bayyana ya ari doki wajen ubangidansa na kasuwa ya tafi. Ban gama sabawa da rashinsa a gida ba sai ga shi ya dawo, dokin duk kumfa. Ya tsaya a tsakar gida yana duban bango, ya ce, “Inna, na je har bayan Guri. Ƙauye-ƙauye na bi. Ba wanda ya taɓa ganinsa.” Na ce wa matarsa ta ba shi ruwa. Na san ba ƙarya yake yi ba. Na kuma san ba zai yiwu ba a ce mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kwana a garuruwan nan ba wanda ya san shi.

Da na fita takaba na ɗaure zannuwana biyu da ɗan gari a ƙullin tsumma. Na aika a tambayi malamin unguwarmu, ya ce tsohuwa irina ba laifi ta je, ta tsaya daga nesa ta yi addu'a. Ɗana ya ce, “Inna, da waɗanne ƙafafun?” Na bi bayan wasu masu zuwa sarin kifi wajen Baturiya.

Lokacin ruwa ya fara janyewa. Inda ya bari, laka ta tsattsage, mutane na bin sawunsa suna shuka. Inda bai bari ba, bado ya rufe shi, tsuntsayen ruwa, kirinjijiya da dinya, sun cika ko'ina, in suka tashi sai inuwarsu ta bi ta kanmu. Abokan tafiyata suna ta nuna mini. Na duba. Ban ji komai ba. Abin da na sani shi ne ƙafata ta dama ta fashe a diddige.

Abu ɗaya na riƙe daga hirarsa, cewa yana sauka gidan wani masunci kusa da wata babbar tsamiya. Na sami gidan. Tun daga bakin danga, kayana na kaina, na ce wa matar gidan, “Ni ce matar falken nan na Haɗeja. Ina aka binne shi?”

Ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta shiga ta kawo ruwa a ƙoƙo. Ta shimfiɗa tabarma. Ta ce, “Lale, Iya. Ya hanya?” Na sake tambaya. Ta ce, “Ya gajiya?” Ta koma wajen wutar bandarta.

Na kwana. Na sake kwana. Ba wanda ya ambaci maigidana. Mijin yakan fita da asuba ya dawo da la'asar, ya gaishe ni, ya wuce. Zaman banza ya ishe ni, sai na ja kujera na zauna kusa da matar, na ɗauki wuƙa. Ta nuna mini yadda ake lanƙwasa tarwaɗa a soke wutsiyarta a baki kafin a ɗora kan wuta. Na ɓata da yawa. Ta ce, “Iya, wannan kifin ko kare zai yi masa kallon tausayi.” Na gyara. Hayaƙi ya shiga zanena, ya shiga gashina. Na daina tambaya. Ba hikima ba ce ta sa, gajiya ce.

Wata rana da yamma mijin yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi, bai ɗago kai ba ya ce, “Nan yake zama, inda kike. Yakan ce hayaƙinmu ya fi na kowa yaji.” Na ce to. Ya ce, “Da ya bar nan lafiyarsa ƙalau. Guri ya nufa, gidan wata Babarbariya mai sayar da man shanu.” Na miƙe zan ɗaure kaya. Matar ta ce, “Ina za ki? Baƙo ba ya sallamar kansa. Ƙafarki ba ta warke ba.” Haka na ƙara kwanaki tana shafa mini man kaɗe, sai da ta ga na taka sosai sannan mijin ya raka ni.

Babarbariyar nan ta Guri tsohuwa ce kamata, mai babbar murya. Wannan karon ban tambayi komai ba. Na sha ruwa, na amsa gaisuwa, gaisuwar da ba ta ƙarewa, ta tambayi gida da gajiya da sanyi da sauro ta sake dawowa kan gida. Da ta ga dogon hancina ta ji daga inda iyayena suka fito, sai ta tafa hannu.

“Ashe Bafillatana ya aura! Shi ya sa ba ya son komawa gida. Ku da ba ku iya komai ba sai bin bayan saniya.”

Tsakaninmu da Barebari akwai wasa, kowa ya sani. Ban yi niyyar ramawa ba, bakina ne ya rama da kansa. Na ce, “Da ba mu bi bayan saniya ba, me za ki sayar?”

Ta yi dariya har tana riƙe ciki. Ni ban yi ba, amma ta ce in zauna, gida nawa ne.

A gidanta na koyi tuƙa burabusko. Ita ce ta faɗa mini abin da ya sami ɗana. Muna tsince shinkafa ta ce, “Wani ya zo nan a kan doki, da sirdi irin na Haɗeja, a guje. Bai sauka ba. Daga sama yake tambaya, ina wane, wa ya ga wane. Ɗanki ne?”

Na ce, “Na gidanmu ne.”

Ta ce, “To ni ma na ce ban san shi ba. Ke kin san abin da doki a guje daga wajenku yake nufi a nan? Gaba da nan, in aka hango shi, mata kwasar yara suke yi su shige cikin ciyawar ruwa. An sha zuwa an kwashe musu mutane. Wanda ya zo da sauri yana tambayar sunan gari da sunan mai gida, wa zai nuna masa hanya? Mijinki kuwa tun daga nesa ake ganinsa yana jan wannan jakin nasa mai kama da shi. Kafin ya iso an gama shawara a kansa, an ɗora masa ruwa.”

Ta ce bayan ita, wajen wani tsoho Babade yake sauka, a wani ƙauye cikin ruwa. Ta ce ba za ta aika ni ba sai ranar kasuwa, matar tsohon takan zo, in ta yarda ta tafi da ni. Matar ta zo, ta gan ni, ta koma. Sai da kasuwa ta zagayo sannan ta ce in taho.

Akwai inda ruwa bai janye ba. Mutanen ƙauyensu suka sa kayana a masaki, suka kifa ni a kan wani babban gora irin wanda masunta ke iyo da shi, wani ya ja ni. Ni 'yar tudu ce, ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba. Na yi tsammanin zan ji tsoro. Na ga ruwan, na ga sama, na ji sanyi a cinyoyina, shi ke nan.

Tsohon ba ya jin Hausa sai 'yar gaisuwa. Matarsa ce ke ji, saboda kasuwa. Ya tarbe ni, amma bai yarda mun haɗa ido ba. Da aka kawo abinci na tsaya ina dubawa, don ban san abin da ke ciki ba. Matar ta ce, “Ci, Iya. Kifi ne da dawa. Akushin nan na mijinki ne, ba ma zuba komai a ciki sai abin da yake ci. Naman da ba shi ya yanka ba, ba ma ba shi.” Bayan ɗaki kuma ta nuna mini wani ɗan fili da aka kewaye da guntayen itace, an share shi. Ta ce nan yake sallarsa. Na tsaya a wurin na yi tawa. Jakinsa na ɗaure can gefe, ya yi ƙiba.

Na daɗe a garin nan fiye da ko'ina. Na ga abubuwan da ba irin namu ba, na kuma ga suna tashi su ba tsoho wuri, suna raba kifi har gidan da ba mai shiga ruwa. Na taya su daka ƙwayar bado. Yara suka daina gudu in sun gan ni. Tsohon dai kullum in na fito sai ya sami abin yi a wani wuri. Na ce a raina, akwai abin da ya sani da ba ya so in ji. Na shirya wa mafi muni. Ban tambaya ba.

Ranar da ya yi niyya, da safe ne. Matar ta ce in ɗauki mayafina. Muka shiga kwalekwale mu uku, shi yana tura shi da gora. Sai da rana ta karkata muka isa wani tudu mai goruba da 'yan bukkoki. Ba kowa a ciki. Matar ta ce Mangawa ne, Musulmi, ke zama nan da malaminsu, sun tashi ci-rani bayan girbi. Gefe guda akwai kaburbura, an jera musu ƙaya saboda kuraye. Na tsaya daga nesa yadda aka ce mini. Tsohon ya nuna na ƙarshe.

Sannan ya fara magana, yana duban ƙasa, matar tana mayar mini da Hausa.

Ta ce zazzaɓi ne ya kama maigidana, bai jima ba. Da ya cika, suka rasa yadda za su yi. Sun san tasu hanyar, amma sun san ba ita ce tasa ba. Ba su taɓa jikinsa ba, suka lulluɓe shi da zanen da ke cikin kayansa. Wasu dattawa suka ce kada a kai shi ko'ina, in labari ya bazu cewa mutumin Haɗeja ya mutu a hannunsu za a ce su suka kashe shi. Tsohon ya ce shekara da shekaru mutumin nan yana cin tuwonsa, ba zai binne shi kamar wanda bai sani ba. Shi da 'ya'yansa suka sa shi a kwalekwale, ruwa na kan ganiyarsa, suka kawo shi nan. Malamin ya karɓe shi. Suka shiga da shi bayan zana da tulun ruwa, suka fito da shi a naɗe cikin farin ƙyalle. 'Ya'yan tsohon ne suka haƙa ramin, malamin yana nuna musu inda zai fuskanta.

Nan matar ta so ta tsaya. Tsohon ya ce mata wani abu da ƙarfi, ta ce, “Ya ce in faɗa miki duka.”

Ta ce, “Sallar da suka yi masa ba cikakkiya ba ce. Shi ya sa tsohon nan ya kasa duban idonki. Mun san sallar mijinki, mun sha gani. Yana tsayawa, ya sunkuya, ya kai goshinsa ƙasa, ya zauna. Waɗannan kuwa suka jera a bayansa, suka tsaya kawai. Malamin ya ɗaga murya 'yan lokuta, suka amsa, suka juya kai, shi ke nan. Ba wanda ya sunkuya. Ba wanda goshinsa ya taɓa ƙasa. Tsohon nan ya ce don mu ne muka kawo shi suka rage masa. Ya so ya yi magana, ba shi da bakin yi. Tun ranar abin na cinsa. Ya ce ki yafe, iyakar abin da ya iya ke nan.”

Tsohon ya miƙe tsaye ya kwatanta mini, ya fuskanci gabas, ya tsaya ƙiƙam, ya juya kai. Ya buɗe hannuwa, wato kin ga, ba ƙari.

Malam, kai ka san abin da na ji an kwatanta. Ni mace ce, ban taɓa tsayawa a sahun jana'iza ba, amma ko yarinya ta san sallar gawa ba ta da ruku'u ba ta da sujada. Da ya ce mini sun sunkuya sun kai goshi ƙasa, da na san daɗin baki yake yi mini. Abin da ya ɗauka an rage, shi ne ya shaida mini an cika.

Na ce wa matar, “Faɗa masa haka ake yi.”

Ta faɗa. Ya girgiza kai, ya yi magana. Ta ce, “Ya ce kada ki lallashe shi, shi ba yaro ba ne.”

Na ce, “Faɗa masa ko sarki ne ya mutu, haka za a yi masa. A tsaye ake yi. Ba su rage masa komai ba.”

Ta sake faɗa. A karon farko ya ɗago ya dube ni sosai, ya daɗe yana dubana. Sai ya zauna a ƙasa ya rufe fuskarsa da tafin hannu, kafaɗunsa suna rawa. Matarsa ta juya baya don kada ta gani.

Ni na tsaya. Na ɗaga hannu na karanta abin da na iya. Ina jira in ji wani abu ya motsa a cikina, bai motsa ba a ranar. Kukan sai daga baya ya zo, bayan na koma gida, kuma kai shaida ne bai tafi ba har yau. A wurin dai abin da na lura da shi shi ne iska ta ture ƙayar gefe ɗaya. Na ce wa matar, in ya gama, ya je ya gyara ta, ni ba zan matsa kusa ba.

Ya gama, ya share fuska, ya je ya gyara.